Shaida a Kan Abin da Bango Ya Rufe

Daga cikin al'adun da suka yaɗu a garuruwanmu a wannan zamani, akwai wata wadda ya kamata masu sana'ar wutar lantarki da masu gidaje su tsaya su yi mata duban basira, ita ce ta kiran ma'aikaci ya ƙarasa wayarin ɗin gidan da waninsa ya fara ya bari, sa'an nan a nemi ya sa hannu cewa aikin duka, na farko da na ƙarshe, lafiyayye ne. Sababin yaɗuwarta a fili yake, domin galibin mutanenmu ba su gina gida a shekara guda. Mutum yakan ɗora bulo gwargwadon abin da Allah ya hore masa, ya kira mai wayarin ya fasa bango ya binne bututu ya ja waya, birkila ya bi da filasta, kafinta ya rufe silin, sai kuɗi su yanke, ginin ya yi shekaru yana jiran buɗi. Kafin buɗin ya zo, mai wayarin na farko ya koma aikin sola, ko ya tafi Abuja neman kwangila, ko kuwa sun ɓata da maigidan a kan kafin alƙalami har ba su ga maciji da juna.

To, a nan ne ake aika wa na biyu, maigida ya tarye shi da fara'a ya ce, "Injiniya, ai an gama komai, abin da ya rage kaɗan ne, ka ɗaura soket da makunni, ka haɗa akwati, ka sa mana hannu a kawo mita." Shi kuwa, saboda kunya da tsoron kada aikin ya kuɓuce masa, sai ya amsa, "Ba komai, Alhaji, an gama." Ra'ayina shi ne wannan amsa kuskure ce babba, kuma bai halatta ga mai sana'a ya lamunci abin da bai gani ba bai kuma gwada ba, ko da wanda ya fara aikin ubangidansa ne da ya yaye shi.

Hujjata ta farko daga sana'ar kanta take. Kowane yaron shago ya san waya mai lamba 1.5 ta ƙwan fitila ce, mai lamba 2.5 ta soket, hita da na'urar sanyaya ɗaki kuwa sukan buƙaci mai lamba 4 ko 6, gwargwadon nauyinsu da nisan layinsu. Amma wanda ya gaji aiki bakin waya kaɗai yake gani ya leƙo daga rami, bai san ko a tsakiyar bututu an yi mahaɗa da siririyar waya an naɗe ta da baƙin salatif ba, bai san ko abin da aka ja jan ƙarfe ne na gaskiya ko alminiyam ne da aka yi wa rufi da jan ƙarfe ba, irin algus ɗin da hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, ta daɗe tana yaƙi da shi a kasuwanni. Haka nan launin waya ba ya isa dalili, domin Ingila, wadda muka gaji ƙa'idodin wayarin daga gare ta, ta bar ja da baƙi ta koma ruwan ƙasa da shuɗi tsakanin 2004 da 2006, har baƙar waya, wadda a tsohon tsari ba ita ce mai wuta ba, ta zama ɗaya daga cikin masu wuta a gida mai layi uku. Ginin da ya daɗe ana yinsa yana iya tara tsarin biyu a akwati guda.

Gaskiya ne akwai awon da ke tona asirin bango. Na'urar da ake kira Megger takan tura bolt 500 cikin waya ta nuna ko rufinta ya ƙuje, wata takan nuna ko wayar ƙasa ta isa kowane soket ba tare da yankewa ba, ana kuma auna sandar da aka kafa a ƙasa a ga ko aiki take ko ado ce, a gwada na'urar kariya mai miliamfa 30 a ga ko tana katse wuta kafin ta ja mutum har lahira. Sai dai awon nan yana da haddi, domin mahaɗar da aka murɗa da hannu tana iya cin jarrabawa yau, ta saki bayan bazara biyu tana ɗaukar nauyin hita da dutsen guga, ta yi zafi a cikin silin mutane na barci.

Hujjata ta biyu daga fiƙihu take. Malamanmu sun shar'anta cewa shaida ba ta inganta sai a kan ilimi na yaƙini, zato ba ya isa, kuma malaman Malikiyya sun ware babi musamman a kan lamunin masu sana'a, saboda maslahar jama'ar da ba ta da ikon bin diddigin abin da ake yi a bayan idonta. Sa hannu a takardar wayarin shaida ce, wadda matan gida da yara da 'yan haya da maƙwabtan da katanga ta haɗa za su kwana a kanta alhali ba a yi shawara da su ba. Abin sha'awa, Turawan Ingila, ta hanyar gogewa da haɗurra, sun iso kusa da wannan hukunci: tun 2005 dokar gininsu ta shigar da wayarin gidaje ƙarƙashin kulawa, kuma suna da takardu iri biyu, ɗaya ta wanda ya ɗauki alhakin tsara aiki da yinsa da gwada shi, ɗaya kuma rahoto ne a kan halin da aka tarar da wayarin, mai gurbi na musamman inda mai dubawa ke rubuta abin da bai samu ikon gani ba. Wanda kuma zai shaidi aikin wani, ƙa'idarsu ita ce a naɗa shi tun kafin a fara, don ya ga waya kafin a rufe ta.

A nan Nijeriya ma ba doka muka rasa ba. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA, aka ɗora mata duba ayyukan lantarki da gwada su da ba ma'aikata takardar shaidar ƙwarewa. Illar ita ce an sami waɗansu masu takardar sun mai da ita haja, suna zaune a shago ana kawo musu fom suna buga hatimi a karɓi na goro, ba su ko san unguwar da gidan yake ba. Wannan shaidar zur ce, ko da ba a gaban alƙali aka yi ta ba.

Na san maigida zai ce ƙarfinsa ya ƙare, ba shi da kuɗin fasa bango sau biyu, kuma yana da gaskiya ta wani fanni, domin akwai ma'aikatan da, da zarar an nuna musu aikin wani, sai su taɓe baki su ce duk a cire, don kawai jinga ta yi kauri. Wannan ma cin amana ne, ga kuma zunubin ɓata sunan abokin sana'a ba da hujja ba. Hanyar adalci ita ce a fara da dubawa, a yanka mata ladanta dabam tun kafin a yi cinikin ƙarasawa. A buɗe kowane akwatin mahaɗa, a leƙa silin, a zaro waya ɗaya ko biyu daga bututu a ga cikinta, a auna layi-layi. Abin da ya ci jarrabawa a bar shi, abin da ya faɗi a sake shi, abin da ba a iya kaiwa gare shi ba kuwa a rubuta shi ƙarara a takarda, maigida ya riƙe kwafi.

Wanda ya fara aiki shi ma yana da wajibi a wuyansa, musamman yanzu da kowa ke da waya mai ɗaukar hoto a aljihu: ya ɗauki hoton bututu kafin filasta, ya zana taswirar layuka ko da a fallen takarda ne, ya rubuta sunan kowane layi a cikin akwati, ya danƙa wa maigida ko sun rabu da daɗi ko ba daɗi. Ƙungiyoyin masu sana'ar su mai da wannan sharaɗin yaye almajiri. Shi kuwa na biyu, in an matsa masa ya sa hannu a kan abin da aka hana shi dubawa, ya ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, aikina zan lamunta, na wancan kuwa sai na gwada," ya kuma jure in an ba wani aikin, domin asarar jinga guda ta fi sauƙi a kan alhakin rai.