Kafin ka kawo teku falonka a Abuja

A 'yan shekarun nan wani sabon yayi ya shigo gidajen masu hali a Abuja. Da can, in ka shiga falo a Maitama ko Asokoro ka ga tankin gilashi, jajayen kifayen ruwan daɗi ne ke kai-komo a ciki. Yanzu kuwa an ci gaba: ruwan gishiri ake so, da shuɗiyar fitila, da murjani, da kifaye masu launi kamar an zana su da alƙalami. Otal-otal da gidajen abinci na Wuse 2 suka fara, masu talla a Instagram suka ɗauka, yau ga shi har Gwarinpa da Lokogoma ana marmari. Ni mai son kifi ne, shekaruna da dama ina kiwonsa a gida, kuma son nan ne ya sa nake jin dole in faɗi gaskiya: yawancinmu muna sayen tankin nan ne kamar yadda muke sayen labule ko kujera, alhali rai ne a cikinsa.

Bara na je yi wa wani abokina barka da sallah a Gwarinpa. Wata biyu kafin nan ya kira ni cike da murna, an haɗa masa tanki mai cin lita 200, an zuba kifi takwas rana ɗaya. 'Yarsa ƙarama ta raɗa wa kowanne suna. Da sallah ta zo suka tafi Kano kwana huɗu, wuta ta lalace a layinsu, batirin inbata ya ƙare a dare na biyu. Da na shiga, wari ne ya fara tarbata. Ruwan ya yi fari kamar tsarin kamu, fitila a kashe, famfo shiru. Yarinyar ta manna goshinta a gilashi tana nuna wani ɗan kifi mai ruwan lemo da ya kife a ƙasa, ta ce, "Baba, barci yake yi?" Uban ya rasa bakin magana. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar tambayar nan ba.

Abokina ba mugu ba ne. Wanda ya sayar masa ne bai gaya masa abin da ya saya ba. Tankin ruwan gishiri ɗan yankin teku ne da aka raba da uwarsa, don haka duk aikin da teku ke yi da kansa, kai za ka yi shi da hannunka. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ke nan tanki irin na abokina na buƙatar wajen kilo 7. Kuma ba gishirin miya ba ne, haɗi ne na musamman mai sinadarai iri-iri, daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala sawu da ƙafa. Ruwan ma ba kowanne ba. Na famfo da ke zuwa daga madatsar Usuma an sa masa kulorin don lafiyarmu, shi kuwa guba ne ga kifi. Na rijiyar burtsatse da na mai ruwa ba ka san abin da suka kwaso ba. Sai an tace da na'ura irin wadda masu fiya wata ke aiki da ita.

Bayan ruwa sai haƙuri, a nan ne kuma aka fi faɗuwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗewa su zama amoniya, wadda ke ƙone masa matattarar numfashi. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin duwatsu da yashi, suna juya gubar mataki-mataki har ta yi sauƙi. Kafin su yi yawan da za su iya aikin, sai an yi mako huɗu zuwa shida tanki na gudana babu kifi ko ɗaya. Mutum ya kashe dukiya, sannan a ce ya zauna yana kallon dutse wata guda da rabi! To a nan ne karin maganar nan ta mai haƙuri da dafa dutse ta zauna daram. Mai sayarwar da ya ce maka yau a haɗa, yau a zuba kifi, aljihunka yake kallo.

Sai kuma abin da ya shafi garinmu. Kifayen nan suna son zafin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26, dare da rana. A watan Maris kuwa kowa ya san Abuja, ɗaki a rufe tanda ne, ruwa kuma in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Da hunturu matsalar daban ce: busasshiyar iska na shanye ruwan tanki kullum, gishiri kuwa ba ya tafiya, sai ya ƙara kauri. Wanda bai sani ba sai ya cika da ruwan gishiri, ya ƙara wa Barno dawaki, alhali tataccen ruwa zalla ake ƙarawa. Duk wannan kuwa a kan wutar lantarki ya dogara. In famfo ya tsaya 'yan awoyi, numfashi ya fara ƙarewa. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 a kowane yunit (kilowat-awa) a Afrilun 2024, barin na'urar sanyaya ɗaki tana aiki saboda kifi ba ƙaramin lissafi ba ne. Wanda ba shi da sola ko inbata da zai ware wa tankin, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma tambayar da ba mu cika yi ba: daga ina kifin ya fito? Kifayen ado na ruwan daɗi galibi a gona ake ƙyanƙyashe su, amma mafi yawan na teku kamo su ake yi, musamman a Indunusiya da Filifin. A can an daɗe ana fama da masunta masu fesa gubar sayanayid a cikin murjani don kifi ya suma a ɗauke shi, murjanin ya mutu, kifin ma sau da yawa ya biyo baya. Wanda ya tsira sai ya hau jirgi a leda, ya sauka Legas, sannan ya yi tafiyar sama da kilomita 700 zuwa Abuja. Fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa yaran duniya son ɗan kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, kuma an yi dace, shi ana iya kiwonsa har ya hayayyafa a tanki. Shuɗiyar kifanyar da ke cikin fim ɗin kuwa sai a 2016 masana a Jami'ar Fulorida ta Amurka suka fara cin nasarar ƙyanƙyashe irinta, tana kuma girma har kusan santimita 30. Sa ta a ƙaramin tanki zalunci ne. Mun taso muna jin labarin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Ban ga abin da ya fitar da kifi daga wannan gargaɗi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna tsallake arzikin ƙofar gidanmu. Kifayen da Turawa ke biyan kuɗi mai kauri a kai musu daga Legas, na kogunanmu ne: kifi mai hancin giwa, da kifin malam-buɗe-littafi da ke shawagi a saman ruwa, da wani siriri kamar maciji wanda sunansa na kimiyya ma daga Kalaba aka samo shi. Ga dangin ƙurungu, wasunsu har a rigingine suke iyo. Muna da cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, kusa da Kainji. Mu ne masu Argungu. Kifayen nan sun san zafinmu, ba sa neman gishirin dala, sun fi jure kuskuren ɗan koyo. Amma a idonmu kifin gida na kasuwar Kado ne da tukunya, na ado sai wanda ya ƙetaro teku.

Ba cewa nake a haramta wa kowa sha'awarsa ba. Na ga tankin ruwan gishiri da aka riƙe da kyau a garin nan, na zauna gabansa har na manta da shayina. Mai shi kuwa kowace Asabar yana durƙushe da bokiti da ma'aunin gishiri, yana canza kashi ɗaya cikin goma na ruwan, yana rubuta abin da ya auna a ɗan littafi. In zai yi tafiya, akwai wanda ya koya wa aikin. Kifinsa biyu ne kacal a shekarar farko.

Don haka, ɗan'uwa, in zuciyarka ta kwaɗaitu, fara da ruwan daɗi ka shekara, ka ga ko kana da jimirin. In ka tsallake, tanadi wuta kafin ka tanadi gilashi. Ka ɗauki tanki mai ɗan girma, domin ƙaramin ruwa ya fi saurin ɓaci. Ka jira makonnin nan shida, ka fara da kifi biyu da aka haifa a tanki, ka tambayi mai sayarwa asalinsu, in ya yi ta kame-kame ka bar masa kayansa. Murjani kuwa ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Kifin nan ba ya kuka, ba ya ƙorafi, ba shi da inda zai gudu. Amana ce ka ɗauko, kuma za a tambaye ka.