3.4 Kallo Daga Sama a Labaran Tafiya Zuwa Tsibiran Maldif

A wannan sashe za a dubi yadda marubutan labaran yawon buɗe ido suke bayyana tsibiran Maldif da ke Tekun Indiya, sannan a kwatanta da abin da Ibn Baɗuɗa ya rubuta game da wurin.

Ƙasar Maldif ta ƙunshi tsibirai kimanin 1,190, amma waɗanda 'yan ƙasa suke zaune a kansu ba su wuce 200 ba. An buɗe masaukin baƙi na farko a 1972. Baƙo yakan sauka a filin jirgi kusa da Male, babban birnin ƙasar, daga nan a ɗauke shi a ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ake kira Twin Otter, zuwa tsibirin da masaukinsa yake. Da wannan ɗan gajeren tashi ne marubuta da dama suke buɗe labarinsu.

Idan aka lura, abubuwan da suke kawowa kusan iri ɗaya ne: launin ruwa, da'irar murjani, ƙarar inji, da matuƙin jirgi wanda ba ya sa takalmi. Ba za a musa cewa akwai gwanintar siffantawa a ciki ba. Sai dai mai leƙe ta tagar jirgi ba ya jin harshen Dibehi, kuma ba ya haɗuwa da masunci. Da wuya mai karatu ya ji labarin Thilafushi, tsibirin da aka mayar juji tun 1992, ko ya san cewa matsakaicin tsayin ƙasar bisa teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Wannan barazana ce ta sa Shugaba Mohamed Nasheed ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa a 2009.

Shi kuwa Ibn Baɗuɗa ta ruwa ya shiga, a wajajen 1343, ya zauna har ya yi alƙalanci, ya kuma yi aure. Saboda haka littafinsa na Rihla cike yake da mutane: sarauniya Khadija, masu igiyar ɓawon kwakwa, da masu tara wuri. Ya ma ambaci cewa ya ga ana ciniki da wurin nan a Mali da Gao. Wannan batu ya shafi Bahaushe kai tsaye, domin da wuri aka yi saye da sayarwa a kasuwannin Kano a ƙarni na 19. Shi ma yana da nasa rauni, don ya auna mutanen da ma'aunin ƙasarsa, musamman a kan suturar mata. Duk da haka ya bar su sun bayyana a matsayin masu sana'a da ra'ayi, har ya amsa cewa matan ba su bi umarninsa ba.

Hausawa kan ce gani ya kori ji. A irin waɗannan labarai ganin ya kori jin da gaske, domin marubucin ya ga tsibiran bai saurari masu su ba. Wannan nazari yana ganin cewa labarin tafiya bai cika ba sai marubuci ya sauka ya gaisa da mutanen gari.