Hogao: Yadda Tumatir Da Albasa Suka Zama Gadon Kolombiya

A gidajen Kolombiya, musamman a jihar Antiyokiya mai hedikwata a birnin Medelin, girkin rana yakan fara ne da yankan albasa da tumatir. Abin da ake soyawa daga gare su shi ake kira hogao, ana furta shi kamar «ogawo», domin harafin farko ba ya fita a bakin masu jin Sifaniyanci. Kayan haɗinsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba: tumatir, albasa mai dogon lawashi, ɗan mai, gishiri, sau da yawa kuma tafarnuwa da garin kumin, wani ɗan iri mai ƙamshi. Wanda ya ga wannan jerin zai iya tambayar me ya sa za a ce abu irin wannan gadon wata ƙasa ne, alhali babu kasuwar da ba a sayar da tumatir da albasa a duniya. Amsar da zan kare a nan ita ce, abin da ya mayar da hogao na Kolombiya yana cikin yadda ake sarrafa wuta, da abin da aka zaɓa aka bari a waje, da kuma gurbin da aka ba shi a kan faranti. Kayan haɗin na kowa ne, amma waɗannan abubuwa uku na masu shi ne.

Yadda ake yin sa a gida shi ne hujja ta farko. Mai girki takan ɗauki nunannun tumatir kamar huɗu, irin wanda suke kira chonto, mai tsoka da ake saya don girki, da sandunan albasa huɗu zuwa shida, ta yanka su ƙanana da wuƙa. Wasu sukan tsoma tumatirin a tafasasshen ruwa su sale ɓawon, wasu su goga shi a magogi. Sai a zuba mai cokali biyu ko uku a kasko, a rage wuta, a fara da albasa. Ana so ta yi laushi ta saki zaƙinta ba tare da ta yi ja ba, domin da zarar ta soyu ta yi duhu, ɗanɗanon ya koma na wani abu dabam. Bayan nan tafarnuwa da kumin suke shiga, saboda ƙamshinsu a mai yake narkewa, sannan tumatir da gishiri. Daga nan aikin ya zama na jira da juyawa lokaci zuwa lokaci, na kimanin minti 15 zuwa 25. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, kuma sai wannan ruwan ya ragu tsami da gafi suke kwanciya, zaƙi ya fito, jan launin tumatirin ya shiga cikin mai ya rina shi. Alamar nuna ita ce idan an ja cokali a tsakiyar kasko hanya ta buɗe ba ta rufe nan take ba, mai kuma ya fara tsatstsafowa a gefe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar kuɗi mai yawa, duk ido da haƙuri suke nema.

Sunan ma shaida ne. Hogao ya samo asali daga kalmar Sifaniyanci ahogado, wato abin da aka nutsar ko aka shaƙe, sai bakin talakawa ya tauna ta ya zubar da farkonta da kuma harafin da ke kusa da ƙarshe, kamar yadda ake yi wa kalmomi da yawa masu irin wannan ƙarshen a maganar yau da kullum. A wasu yankunan har an ƙara gajarta shi zuwa hogo. Abin lura shi ne sunan bai ambaci tumatir ko albasa ba. Abin da ya ambata shi ne aikin da ake yi musu, wato a bar su su nutse a cikin mai da ruwan jikinsu bisa wuta kaɗan har su sallama. Mutanen da suka raɗa wa abincinsu sunan hanyar dafa shi sun riga sun faɗa mana inda suke ganin darajarsa take.

Hujja ta biyu ita ce gurbinsa a cikin abinci, domin hogao aiki biyu yake yi. Yana shiga ƙarƙashi a matsayin tushen girki, inda sau da yawa ake kiransa guiso: da shi ake ɗaure dahuwar wake irin ta Antiyokiya, da shi ake haɗa nama da dankalin da ake cusawa a cikin empanada, wani soyayyen ƙullin masara mai ciki. Yana kuma hawa sama a matsayin mahaɗi da ido ke gani: a kan arepa, wainar masarar da ake gasawa, a kan patacon, wato ɗanyar agada da aka soya aka danne aka sake soyawa, a kan dafaffen rogo da dankali. A bandeja paisa, babban farantin nan na wake da shinkafa da nama da ƙwai da agada da aka san Antiyokiya da shi, hogao yana cikin waken kuma yana gefe. Wannan aiki biyun ne ya bayyana dalilin yanka da wuƙa. Abin da za a ɗora a kan wainar masara dole ya kasance da jiki, ya zauna inda aka sa shi, a ji gutsattsarin albasa a baki. Haka kuma ya bayyana abin da aka bari a waje. Hogao ba ya da yaji. Mai son zafi yana da nasa kwanon a kan tebur, wani ɗanyen haɗi da ake kira aji, na barkono da lawashi da ganyen koriyanda da ruwan tsami, kowa ya ɗiba gwargwadon ƙarfin harshensa. Raba aiki ne aka yi: dafaffe mai sanyin hali a gefe guda, ɗanye mai kaifi a ɗaya gefen. Tushen da zai shiga kowace tukunya, yara da tsofaffi su ci, ba zai yiwu ya zama mai faɗa ba.

Ƙorafi na farko da mai karatu zai iya kawowa shi ne, ai wannan sofrito ne, wato soyayyen tushen girki na Sifaniya, aka canza wa suna. Akwai gaskiya a cikin zancen, kuma ba ƙarama ba. Albasa da tafarnuwa da kumin duk baƙi ne a nahiyar Amurka, sun zo ne bayan 1492, kuma sun kafu a ƙasar da ta zama Kolombiya bayan Sifaniyawa sun kafa Santa Marta a 1525, Kartahena a 1533, da Bogota a 1538. Dabarar soya albasa a hankali a matsayin tushen girki ma ta girmi wannan zuwan, domin tana cikin littafin girkin Kataloniya na ƙarni na 14 da ake kira Sent Sovi. Amma a wancan lokacin babu tumatir a kaskon, saboda Turai ba ta san shi ba. Dangin tumatir na daji a yammacin Kudancin Amurka suke, sunansa kuma daga harshen Nahuwatil na Meziko ya fito. Sai a 1692 aka buga bayanin miyar tumatir a littafin girki a Turai, a aikin Antonio Latini a birnin Napoli, shi kuma ya danganta ta da salon Sifaniyawa. Ke nan sofrito mai tumatir da Sifaniya ke alfahari da shi a yau shi ma ɗan haɗuwar nahiyoyi biyu ne. Idan aro yana hana mallaka, to Sifaniya ma ba ta da nata. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne hogao da sofrito na yanzu 'yan uwa ne da suka tashi a gidaje dabam, kamar refogado na Barazil, da refrito na Ekwado, da aderezo na Peru, kowanne da abin da ya ɗauka da abin da ya ajiye.

Abin da Kolombiya ta ɗauka ya fi bayyana a albasarta. Sifaniyawa da Italiyawa da ƙwallon albasa suke suya, amma hogao na gargajiya da doguwar albasa ake yi, wadda suke kira cebolla larga ko junca. Irinta ba ta yin ƙwallo, fari ne dogo a ƙasa da lawashi a sama, tana da ƙamshin ganye kuma tana narkewa da wuri. Tana son sanyin tsaunuka, shi ya sa garin Akitaniya a jihar Boyaka, a bakin tafkin Tota da ke sama da mita 3,000 daga doron teku, ya zama cibiyar nomanta a ƙasar. Ga kuma achiote, jajayen 'ya'yan wani itace ɗan asalin nahiyar, da mutanen farko na yankin suka daɗe suna rini da shi, wanda gidaje da yawa ke jiƙawa a mai don ya ba hogao launin ruwan goro. A kasko ɗaya ke nan an tara dabarar Bahar Rum, da tumatir da rinin 'yan ƙasa, da albasar tsaunukan Andis. Kumin ya zo daga ƙetare, amma yawan amfani da shi tare da lawashi da tumatir ya samar da ƙamshin da ɗan Kolombiya ke ganewa daga ƙofar gida.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko wayo. Ana iya cewa abin da ba shi da tsayayyen ma'auni ba al'ada ɗaya ba ce, suna ɗaya ne kawai aka jibga wa abubuwa da yawa. Lallai bambancin yana nan. A Bogota da Boyaka ana ƙara wa hogao kirim da cuku a kwarara a kan dankali, abincin da suke kira papas chorreadas. A Popayan, birnin da UNESCO ta fara ba lambar birnin girki a 2005, hogo yana haɗuwa da gyaɗa da wani ɗan ƙaramin dankali a yi cikin empanada da aka san garin da ita. A gaɓar Karibiyan ana sa wani ƙaramin tattasai marar yaji. A gaɓar Pasifik kuwa, inda jikokin 'yan Afirka suka fi yawa, mata na soya nasu da ganyayen ƙamshi da suke shukawa a kan ɗagaggun gadaje a bayan gida, sau da yawa madarar kwakwa ta biyo baya. Wasu gidajen da mai suke yi, wasu da man shanu, wasu da kitsen alade. Sai dai duk wanda ya san kicin ya san cewa haka rayayyar al'ada take. Bahaushiya a Kano da takwararta a Maraɗi ba sa auna kayan miya iri ɗaya, amma dukansu sun san ba a tsaida ruwa sai kayan miya sun soyu, tsami ya mutu, mai ya taso. Wannan sanin shi ne abin da ake gada, ma'auni kuwa na kowace tukunya ne. Haka abin yake a Kolombiya: a canza mai, a ƙara ganye, hogao yana nan, amma a ƙara wuta a sauke cikin minti biyar, abin da ke kaskon ɗanyen tumatir ne mai zafi, ko da an bi ma'auni daidai.

Ƙorafi na uku na zamani ne, kuma ya cancanci a saurare shi da adalci. Yawancin 'yan Kolombiya a birane suke zaune yanzu, mai girki na iya zama ma'aikaciyar da ta kwashe sa'o'i a cunkoson Bogota, kantuna kuma cike suke da hogao na kwalba da na leda da dunƙulen ɗanɗano. Me zai sa a ɗora mata laifi idan ta buɗe kwalba, ko ta zuba komai a injin markaɗe? Babu laifi, kuma yabon girkin gargajiya yakan manta cewa a kan lokacin mata aka gina shi. Amma akwai abin da ke salwanta, kuma ana iya nuna shi. Markaɗe yana mayar da haɗin ruwa-ruwa, ya dace da cikin tukunya amma ya kasa zama a kan patacon, wato aiki ɗaya daga cikin biyun ya tafi. Na kwalba kuma dole a daidaita tsaminsa don ya daɗe a kanta, kuma ɗanɗano ɗaya ne daga birnin Kali har birnin Barankiya, alhali bambancin gida da gida shi ne rayuwar abin. Al'adar kanta tana da nata maganin matsalar lokaci: ana soya mai yawa sau ɗaya, a zuba a kwalba a sa a firji, a yi kwanaki ana ɗiba. Rabin sa'a ɗaya tana iya ɗaukar girkin kusan mako. Daga cikin abincin gargajiya, hogao yana cikin waɗanda suka fi sauƙin zama da rayuwar birni.

A 2012 ma'aikatar al'adu ta Kolombiya ta fitar da manufa ta musamman don sani da kare girke-girken gargajiya na ƙasar, kuma wannan mataki ne mai kyau, domin ya ɗauki kicin a matsayin wurin ilimi. Amma hogao yana nuna iyakar abin da takarda za ta iya adanawa. Za a iya rubuta kayan haɗinsa a layi biyu, kuma duk wanda ya karanta a kowace ƙasa zai same su a kasuwar unguwarsu. Abin da ba ya rubutuwa da sauƙi shi ne sanin lokacin da albasa ta yi laushi ba ta kai ga ja ba, da jin sautin kasko ya sauya daga tafasar ruwa zuwa ƙaramar suyar mai. Wannan a tsaye ake koyonsa, kusa da wanda ya iya, ana kallo ana shaƙar ƙamshi. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mutanen Antiyokiya ba su kai ga dutse ba, tumatir huɗu da albasa kaɗan suka samu, suka rage wuta, suka jira.