Gidan Gizo da Ƙoƙi da Iyalin Zamanin Dutse: Tsokaci a Kan Raha da Habaici

1.0 Gabatarwa

Daga 1960 zuwa 1966 gidan talabijin na ABC da ke Amurka ya nuna wani wasan katun mai suna The Flintstones, wanda kamfanin Hanna-Barbera ya shirya har kashi 166. Labarin wani magidanci ne, Fred, ma'aikacin wurin fasa dutse, da matarsa Wilma da maƙwabtansu, waɗanda aka ce a zamanin dutse suke zaune. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ko akwai takwaran wannan wasa a adabinmu, musamman a tatsuniyoyin da ake yi a Rogo Ruma da sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo.

2.0 Ginshiƙan Wasan

A nazarina, abubuwa uku ne suka riƙe wasan: zamani mai nisa, da rikicin cikin gida, da habaici ga mutanen yau. Sunan zamanin dutse kawai aka ara, amma rayuwar ta Ba'amurken 1960 ce. Fred yana da mota, sai dai da ƙafa yake tura ta; a gidansa ɗan giwa ne ke share ɗaki da hancinsa. Mai kallo yana dariyar mutanen da, alhali kansa yake wa dariya. Ya kamata malamai su faɗa wa yara cewa zaman mutum tare da dainoso, wato manyan dabbobin nan masu siffar ƙadangaru, ƙage ne, domin masana kimiyya sun ce sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce.

3.0 Gizo da Ƙoƙi

Wanda duk ya tashi a gaban kaka ya san gidan da ya fi kama da na Fred. Gizo magidanci ne mai kwaɗayi da cika baki, ga tsamin baki, kullum yana da wata dabarar samun abinci ba tare da gumi ba. Ƙoƙi kuwa ita ce mai haƙuri da hangen ƙarshen al'amari, kamar dai Wilma. Zamaninsu ma ba shi da shekara: lokaci ne da dabbobi ke magana, amma ga sarki da fada, ga kasuwa, ga gona da rumbu, kamar a kowane garin Hausa. Wato mu ma ara muka yi wa zamanin da domin mu faɗi abin da ba ya faɗuwa gaba da gaba.

Sai dai akwai bambanci, kuma a nan nake ganin tatsuniyarmu ta fi nauyi. Rahar Fred ta mai ƙoshi ce. Damuwarsa ƙarin albashi da kayan alatu. Rahar Gizo kuwa ta mai yunwa ce. A tatsuniyar Gizo da hankaki, fari ne ya sa ya roƙi aron fukafukai don ya je cin ɓaure a tsakiyar ruwa, haɗama kuma ta sa suka ƙwace abinsu suka bar shi can. Manomin da ya taɓa ganin rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina ya san cewa wannan dariya da ɗaci a cikinta. Haka kuma Fred yakan yi nadama a ƙarshen wasa ya nemi gafarar matarsa, amma Gizo ba ya tuba. Tserewa yake yi, gobe ya sake. Hukuncin an bar wa yara masu sauraro.

4.0 Waɗanda Suka Yi Kusa

Muna da labaran mutanen farko, kamar na Samudawa da na Barbushe mai Dutsen Dala, wanda Tarihin Kano ya ce da sanda yake kashe giwa. Waɗannan suna da nisan zamani, amma da mamaki ake ba da su, ba da dariya ba. A ɗaya ɓangaren akwai tashen Mairama da Daudu na 'yan mata, da rubutattun wasanni irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da wasan Samanja na marigayi Usman Baba Pategi. Su kuma suna da rikicin zaman tare da habaici, amma a zamaninsu suka tsaya, ba su koma baya ba. Saboda haka Gizo da Ƙoƙi ne kaɗai suka haɗa ginshiƙan nan uku.

5.0 Kammalawa

Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, sannan Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Amma abin da aka rubuta bai kai abin da ke bakin tsofaffi ba. Ƙasar Rogo tana iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, don haka ina kyautata zaton tatsuniya ɗaya za a same ta da fuska fiye da ɗaya a nan. Yau waya ta karɓe hirar dare, kuma kowace tsohuwa ta rasu da nata take tafiya. Shawarata ga malaman Hausa ita ce su sa kowane ɗalibi ya rubuto tatsuniyar Gizo guda daga gidansu, da sunan unguwar da aka samo ta, a karanta a aji, a tambayi yara wane ne Gizon garinsu a yau. Iyayenmu dattawa kuma su daure su buɗe baki tun da sauran lokaci. Allah ya sa mu dace.