Kara, Kawaici da Shan Kunu: Kalmomin Ja da Baya a Hausa

Hausa tana da tarin kalmomi na bayyana yadda mutum yake janye jikinsa daga wani ko yake ɓoye abin da ke ransa, irin su kunya, nauyi, alkunya, kara, kawaici, fulako, miskilanci, shariya da gaba. Masu sukar tarbiyyar gargajiya sukan haɗa su wuri guda su ce duk danne zuciya ne, wasu ma su kira su munafunci. Hukuncin gaggawa ne wannan, domin harshen da kansa ya raba su, bai yarda a yi musu kuɗin goro ba.

Kunya ce ta fi samun kulawar manazarta. Kirk-Greene ya sa ta cikin halaye goma na mutumin kirki a nazarinsa da aka buga a 1974, littafin Baba ta Karo na Mary Smith kuma, wanda ya fito a 1954, ya nuna yadda take aiki tsakanin iyaye da ɗan fari. Musulunci ya ɗaure mata gindi da ya lissafa ta cikin imani. Fulako kuwa aro ne daga pulaaku na Fulani, Bahaushe ya taƙaita shi ga ɓoye yunwa, ciwo ko buƙata a gaban mutane.

Hanya mafi inganci ta rarrabe waɗannan kalmomi ita ce duba aikatau ɗin da kowace take tafiya da shi. Kunya da nauyi jin su ake yi. Kunya takan kama mutum, har ta rufe shi, ba shi ya kira ta ba. Nauyi ya fi ta sanyi, don babu laifi a cikinsa: wanda ya ce yana jin nauyin malaminsa yana nufin bakinsa ba zai iya roƙonsa ko musa masa ba, ko da gaskiya tana hannunsa.

Kara, kawaici da alkunya kuwa yi wa wani ake yi. A nan ne harshen ya fi nuna gwaninta, domin "wa" ɗin nan ita ce ta mutumin da aka yi abin dominsa, kamar yadda ake yi wa mutum alheri ko rakiya. Uwar da ɗanta ya yi faɗa da ɗan kishiyarta, ta tsawata wa nata alhali ta san shi ke da gaskiya, kara ta yi wa kishiyar. Baƙon da ya tsame hannu daga akushi da sauran tuwo, ya ce ya ƙoshi, alkunya ya yi wa masu gida, kada a ga ƙarancin abin da suka kawo. Kawaici ya fi su zurfi. Sharaɗinsa sani ne: wanda bai gani ba bai yi kawaici ba, rashin lura kawai ya yi. Uwar miji ta ɗanɗana miyar amarya ta ji gishiri ya zarce, ta ci abinta ba ta ce uffan ba. Amarya ta san an ji, uwar miji ta san amarya ta sani, gyara kuma zai zo gobe ba tare da an zubar da mutuncin kowa ba. Saƙo ya isa ke nan. Munafuki yana ɓoyewa ne don ya ci riba, ya kuma je bayan ido ya faɗa. Mai kawaici shi ke ɗaukar asarar, ba ya kuma kai maganar ko'ina. Wanda ya kasa ganin tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu bai saurari harshen da kyau ba. Hausawa ba su ce a yi ta kawaici har abada ba. Ana cewa kawaicin wane ya ƙare, karin magana kuma ya ce kunyar marar kunya asara ce.

Rukuni na uku a fuska yake zaune: shan kunu, shan mur, ɗaure fuska, haɗe rai, jan aji. Waɗannan don a gani ake yin su, manufarsu kuwa a hana mutum matsowa. Daga nan sai shariya, inda za a ce wane ya share ni, sai gaba, wadda addini ya hana ta wuce kwana 3 tsakanin Musulmi. Miskili shi ne wanda ya mai da wannan hali ɗabi'a, kirarinsa kuma ya ishe shi hukunci: ka fi mahaukaci ban haushi. Abin takaici, littattafan soyayya na zamani sun cika da jarumi miskili mai amsa gaisuwa da ka, ana nuna shi a matsayin mai kamun kai. Girman kai ne aka sa wa rigar dattako, kuma daga irin wannan rikita kalmomi ne sukar kara da kawaici take samun ƙafa.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu suka tana cikin sakaya suna. Waɗanda Bahaushe yake kauce wa kiran sunansu su ne mafi kusa da zuciyarsa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai ta ce yaron nan, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kakanni ke ɗaukar renonsa. Mace takan ce Malam, Alhaji ko Baban wance maimakon sunan mijinta. Suruki yakan cire takalmi ya durƙusa daga nesa, ba ya cin abinci a gaban uban matarsa. Baƙon kasuwa ba a yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan, da sunansa ake kiransa kai tsaye. Tazarar tana ƙaruwa ne daidai da nauyin dangantaka, abin da aka hana iyaye nunawa kuma an sakar wa kakanni da taubasai shi ta hanyar wasa, har kaka ta kira jikanta mijinta. Idan aka sa wa jariri sunan kakansa, gidan gaba ɗaya sai ya nemo masa laƙabi, a ce Abba, Baffa ko Maisuna, mace kuma Ummi ko Inna. A birane yau an fi jin Walid, Khalifa da Amira, amma dalilin bai sauya ba: surukar gidan ba za ta ɗaga murya a tsakar gida ta kira sunan uban mijinta ba.