Kalankuwa Ta Ƙauye Ce, A Maido Ta Gida

A 'yan shekarun nan da wuya ka sami makarantar da ba ta ware rana guda don al'adun gargajiya ba. Tun daga firamaren kuɗi har kwalejin ilimi da jami'a, da zarar zangon karatu ya doshi ƙarshe sai ka ga an kakkafa rumfuna, 'yan mata sun ɗaura zanen saƙi sun ɗauko ƙorai da faya-fayai, samari sun ci ɗamara sun rataya layu, ana ta rabon fura da dambu. Da yawa daga cikin waɗannan taruka kalankuwa ake ce musu, kuma kafin magariba hotunansu sun cika Facebook da TikTok. A garuruwan da suka raini kalankuwa kuwa, irin su Mahuta da ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, kaka takan zo ta wuce, a cika rumbuna a ɗinke buhuna, ba a ji amon kalangu ko ɗaya a dandali ba.

Ina jin daɗin ganin yaran birni suna alfahari da kayan kakanninsu. Amma abin da suke yi kwaikwayon kalankuwa ne. Ita ainihin tana can ƙauye tana shuɗewa, kuma idan muka ɗauka hotunan makaranta sun wadatar, za mu wayi gari da tufafin biki a hannu, bikin kuwa babu shi.

Kafin mutum ya san girman asarar, sai ya dubi yadda shekarar manomi take tafiya. Bazara lokacin sharar gona ce da kai taki da zuba wa gabas ido. Abin da ake yi a cikinta na fata ne da fargaba. Idan ruwa ya yi jinkiri, liman ya ja jama'a zuwa bayan gari a yi sallar roƙon ruwa. A zamanin da, maharba na da buɗar dawa, Maguzawan ƙasar Malumfashi da Kafur kuma na da nasu al'adun da suke yi kafin shuka, kamar yadda har yau mutanen Massalata kusa da Birnin Ƙonni a Nijar ke taruwa don arwa, su faɗi yadda suke hasashen shekara za ta kasance. Damina ta aiki ce, ba mai lokacin wasa sai ranar gayya, inda gangar noma ke zuga ƙarti a bakin kunya. Murna ta sosai sai an ga dawa a rumbu. Tsakanin ƙarshen kaka da dawowar zafin bazara, a nan kalankuwa take zaune.

A wannan yanki namu na Funtua auduga ta ƙara wa bikin armashi. Turawan mulkin mallaka sun kafa injin gurzar auduga a Funtua, layin dogo kuma ya ratso garin daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920 ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Saurayin da ya yi wa mahaifinsa aikin gandu yana da 'yar gayaunarsa, kuma idan aka buɗe kasuwar auduga da sanyin hunturu, kuɗin wannan gayauna nasa ne. Da su zai ɗinka sabuwar riga, ya yi wa budurwarsa kyauta, ya yi wa makaɗi liƙi. Wato kalankuwa gumin damina ce da ya zama kuɗi, kuɗin kuma ya zama biki. Duk wanda ya fi ƙwazo a gona, a ranar ake gane shi.

Abin da ya fi burge ni a tarihin bikin shi ne masu shirya shi. Samari ne da 'yan mata, ba hukuma ba. Sarkin samari zai je ya nemi izinin dagaci, a tsai da rana, a aika goron gayyata ƙauyukan maƙwabta. A tara gudummawa, a yi rumfuna da zana da karan dawa, a raba baƙi gida-gida, kowane gida ya san adadin kwanon tuwon da zai fitar. Sannan a naɗa sarautu na kwanakin biki: sarki da waziri da galadima da alƙali da dogarai. Da zamanin Turawa ya zo sai samari suka ƙara da gwamna da razdan da likita da 'yan doka, suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu, jama'a na dariya. Wanda ya karya dokar fili a gurfanar da shi gaban alƙalin wasa a ci shi tara, kuɗin kuma su shiga asusun biki. Masana wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarin irin wannan a ƙauyen Bomo kusa da Samaru, suka lissafa kalankuwa cikin tushen wasan kwaikwayon Hausa.

A ganina wannan makaranta ce babba. Yaron da bai wuce shekara ashirin ba ya koyi tara kuɗin jama'a da bayar da lissafinsu, ya koyi saukar baƙo da raba faɗa da tsayawa gaban dattawa ya yi magana cikin ladabi. Waɗannan samarin dai su ne 'yan gayya da damina, su ne masu gyaran hanya da yasar rijiya da haƙa kabari. Bikin shi ne ladan da ke riƙe ƙungiyar. Da ya mutu, ƙungiyar ta bi shi. Yau manomi a Mahuta idan ciyawa ta ci ƙarfinsa sai dai ya nemi 'yan ƙwadago ko ya sayi maganin feshi, domin gayya ta zama labari a wurare da dama.

Ta fuskar fasaha ma dandali ne ya haifa mana manyanmu. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa wanda ya zauna Bakori kafin ya kafa gida a Funtua, a dandali da kasuwannin ƙauye ya fara waƙa tun yana saurayi mai talla. Daga nan ya kai inda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 yana mawaƙin da duk ƙasar Hausa ta sani. Hajiya Barmani Choge ta Funtua, wadda ta rasu a 2013, daga kiɗan ƙwarya na mata ta taso har amada ta kai ta ko'ina. 'Yan dambe ma da kaka suke yawo gari-gari, makaɗan kalangu na biye da su suna yi musu taken da zai sa su tsuma. Makaɗi yana buƙatar fili da 'yan kallon da suka san kiɗa, waɗanda za su yaba in ya yi daidai su watse in ya kwafsa. Ranar al'adu ta makaranta ba ta iya ba shi wannan. Yawanci ma na'ura ake kunnawa, ɗalibai su yi rawa a kan waƙar fim.

Dalilan da suka kashe bikin sanannu ne, kuma babu amfanin ɗora laifi a kan mutum ɗaya. Noma da kansa ya sake. Tun da aka kawo shirin bunƙasa aikin gona na Funtua a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya, masara da takin zamani suka mamaye yankin. Daga baya injin ban ruwa ya shigo, noman rani ya bunƙasa, tumatir da rake suka cika fadamun Danja da kewaye. Rani ya daina zama lokacin hutu. Wanda ba shi da fadama kuma, da an gama girbi ya ɗauki jakarsa sai cin rani a Abuja ko Legas ko Fatakwal. Wannan ci gaba ne ta wani ɓangare, ba mai son a koma baya, amma ya kwashe samarin da ke riƙe da dandali.

Sai batun addini, wanda ya kamata a yi masa adalci. Malaman da suka yi wa'azi a kan kalankuwa, musamman daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa wajen 2000, ba ƙage suka yi ba. Akwai cakuɗuwar maza da mata har tsakar dare, akwai tsarance, akwai caca da shaye-shaye a gefen fili, akwai masu barin salla. Uba mai kishin 'yarsa yana da hujjar hana ta zuwa. Inda nake ganin an yi kuskure shi ne da aka tashi gyara sai aka tumɓuke abin gaba ɗaya, ba a dasa komai a gurbinsa ba. Samari ba su daina neman nishaɗi ba. Sun koma gidajen gala da kiɗan DJ na dare da wayar hannu, inda babu dagaci, babu sarkin samari, babu idon uwa. Ƙwaya da ke cin yaranmu yau ta fi duk abin da aka gani a gefen filin kalankuwa muni. A da aƙalla gari ne ke kallon 'ya'yansa suna wasa, kowa ya san ɗan gidan wane ne.

Na ƙarshe kuma mafi ciwo shi ne tsaro. A watan Disamba na 2020, kimanin mako guda bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, 'yan bindiga suka tare 'yan Islamiyya kusan 80 na Mahuta ta ƙaramar hukumar Dandume suna dawowa daga Mauludi. Allah ya sa jami'an tsaro da 'yan sa-kai suka kuɓutar da su. Garin da ya ga irin wannan ba za a zarge shi ba idan ya ji tsoron taron dare. Sai dai ina roƙon a lura da abu guda. Ƙauyukan da suka saba cin tuwon juna, suka auri 'ya'yan juna, samarinsu suka san juna da suna, sun fi saurin kai wa juna ɗauki da labari. A da Fulanin rugagen kewaye ma sukan shigo kallo, matansu na sayar da nono a bakin fili. Yankewar irin wannan cuɗanya tana cikin abin da ya sa yau maƙwabci ke yi wa maƙwabci kallon baƙo.

Wasu za su ce to gwamnati ta ɗauki nauyi, ta mai da shi babban biki irin na Argungu. Ni ban goyi bayan haka ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, abin alfahari ne. Amma ya dogara da aljihun hukuma, kuma sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Bikin da ɗan kwangila ke shiryawa, manyan baƙi a inuwa manoma a rana, da an sauya gwamnati yake tsayawa. Darasin da ya fi dacewa da mu yana Nijar. Tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, takobin da ake ba zakara ya zama abin da kowace jiha ke mafarki, kuma ƙarfin gasar daga ƙasa yake tasowa, domin a filayen ƙauye ake fara gane gwanaye kafin su wakilci jiharsu.

Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Dagatai da masu unguwanni su zauna da limamai da ƙungiyoyin manoma, a tsai da kwana biyu bayan an gama girbi. A fara da hantsi, a tashi kafin magariba, a tsaya lokacin salla. Mata su sami nasu filin na gaɗa da kiɗan ƙwarya. A yi kokawa da dambe da langa, yara su hau dokin kara. A fito da damin dawa da zangarniyar gero da masarar da ta fi kyau, a karrama manomin da ya yi fice, mace ko namiji. A gayyato makaɗan noma da suka rage tun suna da rai. Mafi muhimmanci, a bar shirin a hannun samari: su naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su tara kuɗinsu, su karanta lissafi a gaban jama'a. Dattawa su sa ido, kada su karɓe ragama, 'yan siyasa kuma kada a bari su liƙa hotunansu a rumfa.

Makarantu ma suna da rawar takawa, wadda ta fi ta sa kaya a ɗauki hoto. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Ahmadu Bello, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su tura ɗalibai Mahuta da Dandume da Kafur da Bakori su zauna da tsofaffin da suka riƙe sarautar samari, su naɗi muryoyinsu, su rubuta taken kiɗa da dokokin fili da sunayen sarautu. Waɗanda suka yi kalankuwa da ƙuruciyarsu yanzu sun haura sittin da saba'in, kuma kowace shekara ana rage su.

Ya ku iyayenmu dagatai da malamanmu, ku ba yaran nan fili da rana tsaka a gaban idonku. Ku kuma samarin Mahuta da kewaye, kada ku jira wani ya zo daga Katsina ya shirya muku. Kakanninku da kuɗin gayauna suka yi, ba su roƙi kowa ba. In Allah ya kai mu kaka mai zuwa lafiya, ku je ku gai da dagaci, ku nemi rana.