Shekara Huɗu ta Mafƙudi: Sharhi a kan Yadda Ake Karanta Risala a Zaurukanmu

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 bayan Hijira, yana cikin littattafan da ɗalibin fiƙihu ke fara buɗe ido da su a zaurukan Katsina. Taƙaitawarsa alheri ce ga mai hadda, amma a babin mijin da ya ɓace ta jawo ruɗani. Da zarar mace ta kai kukan cewa mijinta ya tafi ya bar ta, sai a ce ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma.

Hukuncin yana da asali, domin Imam Malik ya ruwaito shi a Muwaɗɗa daga Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi. Sai dai ya shafi mafƙudi ne, wato wanda labarinsa ya yanke a ƙasar Musulmi bayan alƙali ya yi cigiya. Kuma Shehu Khalil a Mukhtasar ya gindaya sharaɗin da ake yawan tsallakewa: ciyarwar matar ta ci gaba daga dukiyar mijin. In bai bar komai ba, Dardir ya bayyana a Sharhul Kabir cewa alƙali zai iya sakin ta saboda rashin ciyarwa, bayan ɗan jinkirin da ya ga ya dace.

Sanin wannan bambanci ya zama wajibi a yau. Magidancin da 'yan bindiga suka sace a yankin Batsari ko Jibiya ya fi kusa da hukuncin wanda aka kama a yaƙi, kuma uzurinsa a fili yake. Wanda ya bi ta Agadas zuwa Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, shi ne ya fi kama da mafƙudi. Amma wanda yake ci-rani a Legas, wayarsa na shiga, ba aike ba saƙo, wannan mai cutarwa ne, kuma mazhabar Malikiyya ta ba alƙali ikon raba aure saboda cuta. Daga wannan mazhaba Masar ta ɗauki dokarta ta 1929, wadda ta ba mace damar neman saki in miji ya ƙaurace shekara guda ba da uzuri ba. Abin takaici ne Hanafawa su ari sassaucinmu, mu kuma mu ƙuntata wa matanmu da shi a hannu.

Batun renon 'ya'ya, wato hadana, ya fi wannan rauni. Risala da kanta ta ba uwa haƙƙin reno har yaro ya balaga, yarinya kuwa har ta yi aure ta tare. In uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, haƙƙin yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ga dangin uba. Ciyarwa kuma tana kan uba duk inda yaron yake. Al'adarmu ta juya wannan jeri, da an yaye yaro sai dangin uban da ya gudu su zo ɗaukarsa. A nan ba a taƙaita nassi ba, an san shi ne aka kau da kai.

Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya aure da rabuwarsa da kula da ƙananan yara cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, don haka hanya a buɗe take. Abin da ya rage yana wuyan masu karantarwa. Kada a wuce wannan babi na Risala sai an haɗa shi da Mukhtasar da sharhohinsa, kuma kada mai fatawa ya ambaci shekara huɗu kafin ya tambayi matar: an san inda yake? Ya bar abin ci? Wa ke riƙe da yaran?

Allah ne Mafi sani.